Abin da gyaran ƙananan babura ya koya mini a Gombe

Yawancin baburan da ake kawo mana gareji a Gombe ƙanana ne, masu injin cc 100 zuwa cc 125: Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya wanda 'yan acaɓa suka fi riƙewa, da TVS, da Haojue, da roba-roba na ma'aikata da ɗalibai, sai kuma ragowar Jincheng mai hayaƙi, wanda ake zuba wa man 2T. Masu kawo su iri biyu ne. Akwai wanda abu ya lalace masa yana so a mayar da shi yadda yake, akwai kuma wanda babu abin da ya lalace masa, amma yana so a taɓa mashin ɗin domin ya ƙara gudu, ko ya rage shan mai, ko ya ƙara ɗaukar kaya. A kan mutum na biyun ne na fi samun karatu, domin shi ya sa na gane cewa ƙaramin inji ba shi da rarar ƙarfi da ya ɓoye. Duk abin da bakanike ya ƙara wa babur a wani wuri, daga wani wurin ya ciro shi, ko ya sani ko bai sani ba.

Waɗannan injuna suna da haƙuri, kuma da gangan aka yi su haka. Lokacin da kamfanin Honda ya fito da CG125 a shekarar 1975, ya ƙera shi ne bayan injiniyoyinsa sun zagaya wasu ƙasashe masu tasowa sun ga yadda ake lafta wa babur mutane da kaya, kuma ba a kai shi wurin gyara sai ya tsaya cak. Saboda haka suka yi inji mai sauƙin sha'ani wanda zai jure sakaci, suka sa masa matatar iska ta soso wadda za a wanke a mayar. Da yawa daga cikin baburan China da suka cika kasuwanninmu a kan wannan tsarin aka kwaikwaye su. Sai dai haƙurin nan shi ke yaudarar masu babur, domin inji zai yi watanni yana cin kansa ba tare da ya nuna ba, ran da zai nuna kuwa aikin ya riga ya kai ga sauke inji.

Da baƙin mai maigidana ya fara koya mini aiki, tun kafin ya yarda in riƙe sifana a kan wani noti na ciki. Abin da injin Boxer da ire-irensa ke ɗauka bai wuce kimanin lita ɗaya ba, kuma wannan lita ɗayar ita ce ke shafe fistin, ita ce ke cikin giya, a cikinta kuloci ke wanka, sannan ita ce ke taya iska ɗauke zafi, tunda injin ba shi da lagireto. A mota kowane ɓangare da nasa man. Wannan ya sa baƙin man babur ya fi na mota saurin gajiya, kuma shi ya sa ba kowane man mota ya dace da shi ba, domin wasu an sa musu sinadarin ƙara santsi wanda ke sa kuloci ya riƙa sulɓewa, a murza totur inji ya yi ta kuka amma babur bai ƙara sauri ba. Alamar JASO MA da ake bugawa a jikin gwangwani ita ke nuna an yi man domin irin wannan kulocin. Mutane da yawa ciko suke yi maimakon juye: man ya ragu, sai a auno kaɗan a bakin titi daga jarkar da ba a san abin da ke cikinta ba, a zuba a kan tsohon, dattin da ke ƙasa yana nan yana yawo. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mitar tafiya. A cikin baburan da ke shigo mana, waɗanda mitarsu ke aiki ba su da yawa, wayar ta tsinke tun tuni an bar ta, don haka mai babur ba shi da hanyar sanin kilomita nawa man ya yi. Sauya wayar nan bai kai kuɗin juye ɗaya ba, kuma ita nake fara ba kowa shawarar ya gyara.

Matatar iska kuwa, a ƙasar Gombe ta cancanci a duba ta fiye da yadda littafin kamfani ya ce. Garinmu yashi ne, unguwanni irin su bayan Pantami da Bolari da sababbin gine-ginen Tumfure layukansu da yawa ba kwalta, kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo na sauke ƙura mai laushi kamar toka. Idan soso ya toshe, babur ya fara shan mai da nauyin tashi, sai wani ya cire shi gaba ɗaya ko ya huda shi, ya ji mashin ya buɗe, ya yi murna. Ƙurar da ke shiga daga nan tana haɗuwa da mai ta riƙa goge ringi da bangon silinda, har inji ya fara hayaƙi da shanye baƙin mai. Daga nan sai a kai silinda wurin masu injin yanka su faɗaɗa ramin a sa fistin mai girma kaɗan, kuma matakan faɗaɗawar ƙididdigaggu ne, milimita 0.25, sai 0.50, sai 0.75, sai 1.00, bayan haka sai sabon silinda. Maganin duk wannan shi ne a wanke soson da kananzir, a bari ya bushe, a ɗan ɗiga masa mai a matse shi, a mayar.

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, buƙatar masu babur ta sauya baki ɗaya. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma a 2024 ta wuce naira 1,000 a wurare da dama. Kafin lokacin matasa gudu suke nema. Bayan lokacin, magana ɗaya ce a bakin kowa, daga ɗan acaɓa har malamin makaranta: "Malam, a ɗan matse mini kafireto." Ban ga laifin mai wannan roƙon ba, domin mutumin da zai biya mai babur balas, wato kuɗin aikin yini, da yamma ya kuma kai cefane gida, kowane cokalin mai lissafi ne a wurinsa.

Hanyoyin matsewar sanannu ne. Ana juya sukurun da ke daidaita mai da iska, ana sauke allurar kafireto ƙasa, ana sa jet, wato ɗan ƙarfen da mai ke bi ta cikinsa, mai ƙaramin rami, wasu ma silin wayar tagulla suke zurawa a cikin ramin domin ya ƙara tsukewa. Fetur yana ƙonewa sarai ne idan ya sami iska kimanin ninki 14.7 na nauyinsa, kuma injin da iska ke sanyaya shi yana son man ya ɗan fi haka yawa idan yana jan nauyi, domin rarar man tana taimakawa wajen rage zafi. Idan aka rage man da yawa, injin yana ɗaukar zafi fiye da kima. A lokacin sanyi abin zai iya wucewa lafiya, amma a Maris da Afrilu, da zafin Gombe ke kai digiri 40, a ɗauki mutum biyu a kama hanyar Kumo ko ta Dadin Kowa totur a buɗe, to bawul na fitar hayaƙi zai fara ƙonewa, wani lokacin fistin ya kumbura ya kama silinda a tsakiyar hanya. Fulogi ba ya ɓoye wannan: idan bakinsa ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, komai daidai, idan ya yi baƙi da kunkunniya, mai ya yi yawa, idan ya yi fari fat, an matse fiye da kima. Nakan ciro shi in miƙa wa mai babur ya gani da idonsa, domin ya fi yarda da abin da ya gani a kan bayanina.

Man da ake nema a cikin kafireto galibi a waje yake zubewa. Taya mai ƙarancin iska tana jan babur baya. Sarƙar da ta bushe ta yi tsatsa, ko aka ɗaure ta tamau, tana cin ƙarfi, alhali abin da take buƙata shi ne ta riƙa motsi sama da ƙasa kimanin santimita 2 zuwa 3, a kuma riƙa sa mata mai. Birkin baya da aka matse har yana gogar ganga ko ba a taka ba, da bawul da ba a saita tazararsa ba, da soso mai datti, kowannensu yana da rabonsa a tanki. Idan aka gyara waɗannan, aka mayar da kafireto kan saitinsa na asali, sau da yawa mai babur yakan dawo ya ce shan man ya ragu, ba tare da an sa injin cikin haɗari ba. Ragowar kuma yana hannunsa na dama, domin mai fizgar totur a kowace mahaɗa babu saitin da zai cece shi.

Canjin da nake yi da zuciya ɗaya shi ne na faifan haƙoran da sarƙa ke gudu a kai, saboda cinikinsa a fili yake, ana iya lissafa shi tun kafin a kwance noti. Idan na gaba mai haƙora 14 ne aka sa mai 15, babur zai yi tafiyar da ta fi ta da nisa da kimanin kashi 7 cikin 100 a kowane juyin inji, amma zai rasa ƙarfin ja daidai wannan gwargwadon. Ma'aikacin da ke bin shimfiɗaɗɗiyar kwalta shi kaɗai kullum zai ji daɗin haka, injinsa zai rage kuka. Wanda ke hawan Tula, ko yake ɗauko buhunan masara daga ƙauye zuwa Tudun Hatsi, wannan canjin cutarsa zai yi, domin zai riƙa riƙe kuloci rabi-rabi yana ƙona shi. Shi faifan baya mai ƙarin haƙora ya fi dacewa da shi. Saboda haka ba na taɓa faifan kowa sai na tambaye shi inda yake zuwa da abin da yake ɗauka. Sannan sarƙa da faifanta biyu tare ake sauya su, domin sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora ba ta daɗewa.

Batun kaya ya fi wuya, domin a nan buƙatar gaskiya ce, kuma babu mai iya ce wa manomi ya daina ɗaukar amfanin gonarsa. Ana ƙara tsawon kariya, wato ƙarfen ɗora kaya na baya, ana sa shokozoba mai tauri ko a ninka ta, ana sauya wayoyin ƙafar baya da masu kauri. Ƙarin wayoyi da shokozoba ban ƙi su ba. Abin da nake jin tsoro shi ne walda a jikin firam, domin bututun siriri ne, zafin walda yana raunana gefen da aka ɗinke, kuma a nan yake tsagewa daga baya, galibi a kan gargada da kaya a sama. Ya fi kyau a ƙera kariyar daban a ɗaure ta da noti a mazaunanta na asali, idan kuma waldar ta zama dole, a sauke tanki, a cire batir da akwatin CDI, mai sarrafa wutar fulogi, tukuna. Haka kuma duk nauyin da ya wuce tsakiyar tayar baya yana ɗaga ta gaba, sai kan babur ya yi sakayau, abin da ke kayar da mutum a cikin yashi ko a bakin kwazazzabo.

Kwalliyar lantarki da ta salansa ba na daɗewa a kansu. Wutar da kwayil ke bayarwa kaɗan ce, an auna ta ne domin fitila da hon da cajin batir, don haka wanda ya jera ƙananan fitilu da rediyo da hon ɗin babbar mota zai yi ta sayen batir. Abin cajin waya yana da amfani ga ɗan acaɓa, muddin an sa masa fis, ba a murɗa wayoyi an naɗe da leda ba. Salansar da ake fasawa domin rakiyar amarya kuwa ƙara take ƙarawa kawai, tana kuma iya sa injin ya ƙara zafi, ga haƙƙin maƙwabta.

Akwai aiki guda da na daina karɓa ko nawa za a biya, shi ne kwance birkin gaba. Mahaya da yawa sun taso da tsoronsa, an gaya musu shi ke wuntsila mutum, sai su saki wayarsa ko su ce a cire. Alhali idan aka taka birki nauyin babur gaba yake komawa, tayar gaba ce ke da riƙon ƙasa mafi yawa, ta baya kuwa ja take yi tana zamewa. Gaskiya ne a cikin yashi ko a kwana ana kama na gaba da lallami, amma wannan koyo yake buƙata. Kuma tazarar tsayawa ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: wanda ya ninka gudunsa sau biyu yana buƙatar fili ninki huɗu kafin ya tsaya. Saurayin da ya zo a ƙara masa gudu alhali takalman birkinsa sun cinye har ƙarfe, madubai kuma suna gida ya ajiye su, nakan ce masa, "Ƙanena, mu fara da abin da zai tsayar da kai." Wasu sukan yarda. Wasu sukan tura mashin ɗinsu zuwa rumfar gaba, inda za a yi musu abin da suke so.

Kayan gyara su ma ciniki ne irin wannan. A shago ɗaya za a nuna maka takalmin birki ko ringi hawa uku, kwalinsu kusan iri ɗaya, kuma jabun yakan fi na gangariya ƙyalli. Ba kowa ke da kuɗin na sama ba, don haka nakan raba wa mai babur kayan gida biyu. Murfin gefe da madubi da gilashin fitila, ya sayi mai araha idan ya so, in ya fashe a sake. Ringi da fistin da bawul da boris na ƙafa da takalmin birki da taya kuwa, nakan ce ya ɗan jinkirta ya cika kuɗin na ƙwarai, domin kuɗin sauke inji ɗaya ne ko da wane ringi aka mayar. Wanda aka faɗaɗa wa silinda kuma nakan roƙe shi ya yi 'yan ɗaruruwan kilomita na farko ba tare da lodi ko cika totur ba, sannan ya dawo a juye man da wuri, domin ɓarɓashin ƙarfen da sabon ringi ya goge ya fita.