Shekara guda ina bin inuwar sandar ƙarfe

Litinin ta farko bayan na yi ritaya, ƙarfe biyar da rabi na farka kamar kullum. Na yi wanka, na shirya, har na ɗauki jakata, sannan na tuna babu inda za ni. Shekara 35 ina aikin akawu, agogo ne ke kora ni daga wannan abu zuwa wancan. Yanzu ga yini shimfiɗe a gabana, ba mai jirana, ba mai nemana. Gaskiya abin ya ba ni tsoro. Watannin farko a kan kujera na cinye su a tsakar gida, rediyo a gefe, zuciya ba daɗi.

A kan wannan kujerar na lura da wani abu. Inuwar katangar da nake fakewa a ciki da hantsi ta riƙa janyewa, har sai da na matsar da kujera sau uku cikin 'yan makonni. Nan take na tuna tagar ofishinmu. Akwai watannin da rana ke faɗowa daidai kan littafin lissafina, dole in ja labule, akwai kuma watannin da ba ta ko leƙowa. Shekaru ina jan labulen nan, ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Na kuma tuna mahaifina, Allah ya jiƙansa, wanda kan dubi inuwarsa a ƙasa ya faɗi lokaci, ka duba agogo ka tarar bai yi nisa da gaskiya ba. Sai na ce bari in ga abin da idona.

Na kafa sanda a cikin gwangwani cike da yashi, kullum ƙarfe goma sha biyu na rana in sa alama da alli a inda kan inuwar ya tsaya. Wata biyu na yi a haka, duk suka tafi a banza. Mai shara ya gusar da gwangwanin ba da gangan ba, ruwan sama kuma ya wanke allin tas. Na ji zafin abin ƙwarai, amma laifin nawa ne: wanda zai auna abu mai motsi, dole abin awonsa ya zauna daram. Na samo sandar ƙarfe mai tsawon mita ɗaya, na kafa ta da siminti, na rataya zare da ɗan dutse na tabbatar ta miƙe sak. Alli kuma na bar shi, na koma ɗigon fenti, sau ɗaya a mako, ina rubuta kwanan wata a littafi.

Darasi na biyu lokaci ne. Rana tana ratsa digiri 15 a sararin sama cikin awa guda, wato digiri ɗaya duk minti huɗu. Da sanda irin tawa, makarar minti huɗu na iya gusar da kan inuwar kusan santimita biyu. Akwai ranar da na tsaya sallamar baƙo, na zo na ɗiga fenti a makare, ɗigon nan har yau yana nan a gefe shi kaɗai, bai shiga sahu ba. Tun daga ranar nake zuwa da minti biyar kafin lokaci, waya a hannu, buroshi a jiƙe. Ranar da gajimare ya rufe rana kuwa sai in haƙura zuwa washegari, ba na cika gurbi da ƙiyasi.

Zatona ɗige-ɗigen za su jeru a miƙe, su tafi arewa su dawo kudu. Da aka kai wata takwas sai na ga layin ya lanƙwasa. Na ɗauka ƙarfen ne ya karkace, na sake aunawa da zare, lafiya lau. Da shekara ta zagayo, abin da ya fito a kan simintin ya yi kama da lamba 8, doguwa siririya, madauki ɗaya ƙarami wajen watan Yuni, ɗaya babba wajen Disamba. Na daɗe tsaye ina kallonsa, tsigar jikina na tashi.

Daga nan karatu ya kama ni. Ashe duniya a karkace take juyawa, da kusan digiri 23 da rabi, shi ya sa rana ke yin nisa zuwa arewa har wajen 21 ga Yuni, ta juyo, ta kai iyakarta ta kudu wajen 21 ga Disamba. Tsawon siffar ke nan. Faɗinta kuma, karkatar na da hannu a ciki, haka nan hanyar da duniya ke bi wajen kewaya rana, wadda ba cikakkiyar da'ira ba ce. A farkon Janairu muna da kusan kilomita miliyan 147 daga rana, a farkon Yuli kusan miliyan 152, kuma idan duniya ta matso kusa takan ƙara sauri. Saboda haka tsakar ranar sama da ta agogo ba kullum suke haɗuwa ba. A farkon Nuwamba rana kan riga agogo da kusan minti 16, a tsakiyar Fabrairu kuma ta makara da kusan minti 14. Ni da na yi rayuwata ina ganin agogo shi ne alƙali, wannan ya girgiza ni. Agogo matsakaici kawai yake ba mu, irin wanda muke fitarwa a ofis idan lambobi sun yi yawa.

Wanda ya fi burge ni a karatun nan shi ne Eratostinis, mai kula da babban ɗakin karatu na Iskandariyya a Masar, fiye da shekara 2,200 da suka wuce. Ya ji cewa a garin da yanzu ake kira Aswan, akwai ranar da rana ke tsayawa daidai bisa kai har inuwa ta ɓace. A irin wannan ranar ya auna inuwa a Iskandariyya, ya samu kusan digiri 7, kashi ɗaya cikin 50 na da'ira. Ya ninka nisan garuruwan biyu sau 50, ya fitar da kewayen duniya, kuma bai yi nisa da kilomita 40,000 da aka sani yau ba. Kayan aikinsa ba su fi nawa ba sosai. Ya dai tsaya ya duba, ya kuma yi tambayar da ni ban yi ba ina jan labule.

Ba zan ce sandar ƙarfe ta maye mini gurbin abokan aiki ba. Har yanzu ina kewarsu, musamman ƙarshen wata lokacin rufe lissafi, da yadda muke raha idan alƙaluma suka daidaita. Amma tsoron nan na dogon yini ya tafi. Mai ɗakina, wadda da farko take cewa, "Malam, ka shigo daga ranar nan mana," yanzu ita ke leƙowa ta ce saura minti goma.

Na shiga shekara ta biyu da jan fenti, don in bambanta shi da farin bara. Makon jiya jikata ta zo hutu, ta ce, "Kaka, ba ni ni in ɗiga." Na riƙe waya ina ƙirga mata daƙiƙu, ta durƙusa da buroshi, ta yi shiru tana jiran kan inuwar. Da na ce "yanzu", sai ta ɗiga, ta ɗago kai da sauri: "Kaka, ai a kan farin ya faɗa!" Na sunkuya na duba. Jan ɗigon ya rufe farin, sai ɗan bakinsa kaɗan da ya rage ta gefen arewa.