Wayoyi biyu a bayan amfilifaya

Wata uku ina zargin jitata, ashe laifina ne. Jiya wajen gwaji a Yelwa, nan Bauchi, da na taka DS-1, fedal ɗin kamfanin Boss mai ruwan lemo, ɗan akwatin da ake takawa ya sa sautin jita gurnani, sai sautin ya cakuɗe kamar kunun da ya yi gudaji.

Wani dattijo da ya daɗe yana kaɗa jita ya tsuguna, ya bi wayoyina da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Ɗana, wa ya ce ka sa fedal mai maimaita sauti gaban mai gurnani? Ai maimaicin ma gurnani zai yi."

Ya sake jeri: fedal ɗin saita tsirkiya farko, sai DS-1, sai bakin amfilifaya. Mai maimaitawar kuwa ya zagaya da shi bayan amfilifaya, ya jona shi a ramuka biyun nan da aka rubuta Send da Return, waɗanda wallahi ban taɓa kula su ba, har ƙura ta cika su. A nan sauti ya riga ya kaurara kafin a maimaita shi.

Na kaɗa sau ɗaya, ya fita tas. Na ce, "Baba, Allah ya saka." Ya ce in sayo gajerun wayoyi kafin Asabar.