Takalmin cikin ɗaki

Yamai, Asabar da dare.

Yara sun yi barci, iskar hunturu sai kaɗa ƙofa take yi, ni kuwa idona biyu saboda abin da na gani yau da hantsi.

Tun da muka tare a gidan nan na Yantala dokata guda ce: ba a shigo mini ɗaki da takalmi. A kan daɓen karo ɗin nan, wato tayil, muke shimfiɗa darduma mu yi salla, a kai muke baza tabarma mu ci tuwo, ga autana ya fara rarrafe, duk abin da hannunsa ya kama sai baki. Wanda ya san lungunan unguwa da kashin awaki da ruwan wanke-wanken da ake kwararowa waje ba zai ga laifina ba.

Matar da ke taya ni aiki mutuniyar Dogon Dutse ce, mai 'ya'ya biyu, sau uku take zuwa a mako. Ban taɓa buɗe baki na ce ta cire takalmi ba. Tun daga zaure take tuɓe silifas ɗinta ta riƙo a hannu, yadda aka koya mana yi in za mu shiga gaban manya.

Yau ranar wankin ɗakuna ce, don ƙurar bana ko ka share da safe, kafin azahar ka iya rubuta sunanka a kan tebur. Ta haɗa omo da jabel, ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta, a bokiti ta duƙa tana gogewa. Ina madafa ina yanka albasa sai na ji "wash!" da ƙarar bokiti. Santsi ne ya kwashe ta a bakin makewayi. Allah ya taƙaita, ta dafa bango, gwiwa kawai ta bugu. Na zaunar da ita a kan kujera 'yar tsuguno ina duba gwiwar, sai idona ya sauka a kan dugaduganta.

Faso ya tsattsage su kamar ƙasar fadama da bazara. Wata tsaga a ƙafar hagu ta yi zurfi har tana tsattsafo da jini, bakinta ya yi fari fat saboda daɗewa cikin ruwa. Tsakanin 'yan yatsun kuma fata ta saɓule.

Na ce, "Ƙanwata, tun yaushe ƙafarki take haka?"

Ta ce, "Ai Tanti kowane hunturu haka take yi. Ba komai."

"In ruwan nan ya shiga ba ya miki zafi?"

Ta sunkuyar da kai. "Yana yi, kamar an zuba barkono. To amma ɗakinki ba a shiga da takalmi."

Wallahi jikina ya yi sanyi. Ni da kaina ba na taɓa jabel sai da safar hannu, domin na san sinadarin kulorin da ke cikinsa yana cin fata, balle inda ya samu rauni a buɗe. Wata bakwai baiwar Allah nan tana tsaye a cikinsa da ƙafa tsirara, a gabana, ban taɓa duban ƙasa ba. Ƙyallin karo nake dubawa.

Da na ce daga yau za ta riƙa aiki da takalmi, Hajiya, mahaifiyar maigida da ta zo mana daga Tawa, ta ajiye carbinta. Ta ce, "Ke 'yar nan, wurin sallar ne za a riƙa takawa? Mu da muka tashi muna shara da daɓe, wa ya ba mu takalmi?" Na ce, "Hajiya, ki gafarce ni, daɓen ƙasa ba ya santsi, kuma ba a wanke shi da jabel." Ba ta ji daɗi ba, na gani a fuskarta.

Muna cikin haka maigida ya dawo daga masallaci. Da ya ji zancen sai ya tuna mana hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana salla da takalmansa sai ya cire su, saboda Mala'ika Jibrilu ya sanar da shi akwai ƙazanta a jikinsu, sannan ya umurci wanda ya zo masallaci ya duba takalmansa, in ya ga ƙazanta ya goge. Ya ce ke nan abin gudun ƙazantar ce. Hajiya ta ce, "To wa zai tsaya kullum yana duba mata tafin takalmi?" Kuma gaskiyarta. Silifas ɗin da ta tako da su daga bakin titi ba zan yarda su hau inda yarona ke rarrafe ba, ko yau ko gobe.

Amma akwai abin da ban faɗa a gabansu ba, shi ne ya hana ni barci. Watan jiya mai gyaran wuta ya shigo har uwar ɗaka da manyan takalmansa, ya ce robar tafinsu ce ke kare shi daga jan wuta, na ce to. Wani babban baƙon maigida ma ya taɓa zama a falo da takalmi sau-ciki, kunya ta hana ni magana. Na ɗaga wa mai sana'a ƙafa, na ɗaga wa mai muƙami. Wadda ta fi kowa daɗewa a kan jiƙaƙƙen daɓen nan ita kaɗai dokar ta hau kanta ba sassauci, don ita ce ba za ta iya buɗe baki ta roƙa ba.

Da la'asar na karya tsinken tsintsiya daidai tsawon ƙafarta, na hau taksi zuwa kasuwar Katako. Na zaga rumfuna da dama kafin na samu irin wanda nake so: na roba, mai rufaffen gaba, tafinsa da zane mai zurfi yadda zai kama daɓe. Masu sulɓin tafi sun fi araha, amma a kan ruwan omo sun fi ƙafa tsirara haɗari. Na sayi ƙafa biyu, jika uku duka, shuɗi na ɗakuna, baƙi na makewayi, don kada su cakuɗe. Ba za su taɓa ƙetare ƙofa ba. In ta gama aiki a wanke su a kife.

Na kafa ƙusa a bayan ƙofar falo na rataye shuɗin. Hajiya tana kallona, ba ta ce uffan ba. Sai bayan isha'i ta kira ni ɗakinta, ta kwance ƙullin kayanta ta ciro ɗan gwangwanin man kaɗanyar da take shafawa. Ta ce in ba yarinyar ran Litinin, ta riƙa cusawa a tsagar da dare ta sa safa ta kwana da ita. Batun takalmin kuwa ta ce har yanzu ranta bai kwanta ba, sai ta ga yadda za a yi da su ranar.