Ranar sadakar ukun Kaka

Laraba, bayan sallar isha'i.

Yau aka yi sadakar ukun Kaka. Tun da hantsi gidanmu na cikin gari, nan kusa da hasumiyar Gobarau, ya cika maƙil da mata. Ga hazo, ga sanyi, kowa ya ƙudundune cikin mayafi. Ni aka bar wa rabon gumba, don haka ƙafata ba ta huta ba sai yanzu.

Wajen azahar ɗiyar Yaya ta iso daga Legas. Can aka haife ta, can ta girma, Hausarta ta waya ce. Ta durƙusa gaban Gwaggo da ladabinta, idonta jawur, ta ce, "Gwaggo, da ƙarfe nawa Kaka ta mutu?" Ɗakin ya yi tsit. Gwaggo ta dafa kanta ta ce, "Rasuwa ta yi, ɗiyata. Akuya ke mutuwa." Yarinyar ta rasa inda za ta sa kanta don kunya. Na ji tausayinta, domin ba ƙarya ta yi ba, kuma kukanta ya fi na wasu da suka iya maganar.

Amma ni ma da ta faɗa sai da gabana ya faɗi. Ina wanke kwanuka ina juya abin. Ai duk yinin nan mutane na cewa "gidan mutuwa za mu", "mutuwa rigar kowa", ba wanda ya ɗaga kai. Sai da aka jingina kalmar da Kaka, aka ce ta mutu, sannan ta yi kaifi. Rasu kuwa daga rasa ta fito, 'yar'uwar rashi ce. In ka ce ta rasu, ka sa kanka a ciki, ka nuna akwai waɗanda aka bari da giɓi. Kaka kanta in aka tambaye ta shekarunta cewa take an haife ta shekarar da Sarki Dikko ya rasu, wato 1944. Ban taɓa jin ta ce ya mutu ba, alhali ba ta ma san shi ba.

Na tuna daren Lahadi. An riga an rufe mata ido lokacin da Kawu ya kira Yaya a waya, amma abin da ya ce shi ne, "Jikin tsohuwa ya yi tsanani, ka taho." Yaya bai tambayi komai ba, sai salati. Ya gane sarai. Mu da muke cewa "da sauƙi" ko mutum na kan gargara, ranar da muka ce ya yi tsanani ai an gama magana.

Wadda ta sa ni kuka yau dai Inna ce, kishiyar Kaka. Ko ni da na rubuta kishiya yanzu sai na ji nauyi, ga kishi nan zaune a cikin kalmar. A gaban baƙi "abokiyar zama" ake cewa. Su biyun sun fi shekara 50 a tsakar gida ɗaya, kuma ba zan ɓoye ba, ba kullum ake shan inuwa ɗaya ba. Tun ina ƙarama, in Inna za ta aike ni wurin Kaka cewa take, "Kai wa mai ɗakin can." Ba suna, ba komai.

Da la'asar wata tsohuwa daga Ƙofar Sauri ta shigo ta ce mata, "Ya ƙarin haƙuri?" Inna ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakin da aka sa wa kwaɗo, sannan ta ce, "Yayata ta tafi ta bar ni."

Na ajiye kwanon gumbar na fita bayan ɗaki.