Katin guzuri: ku fara da kuɗin ƙasar da za ku

Ƙannena masu shirin fita waje, ko karatu ko kasuwanci ko Umra, zan ba ku labarin katin nan da ake zuba wa kuɗin ƙasashe daban-daban kafin a tashi. Na yi amfani da shi a tafiyata ta farko Saudiyya, kuma na yi asarar da har yau take min ciwo, domin guzurin ba nawa ni kaɗai ba ne, har da na mahaifiyata a ciki.

Abin da ya ja ni ga katin shi ne yawan kuɗaɗen da aka ce yana ɗauka: dala, fam, yuro, da wasu da ban ma taɓa gani ba. Ban tsaya na duba ko akwai riyal ba, alhali riyal zan kashe. Da na zo zubawa, sai na sa dala kaɗan, na mayar da mafi yawan guzurin fam ɗin Ingila, saboda tun muna yara muke jin cewa fam ya fi kowane kuɗi daraja. Darajarsa ba ta amfane ni da komai ba a Makka. An canza min naira zuwa fam, an cire lada. Duk abin da na saya a can kuma sai an sake juya fam ɗin, a sake cirewa.

Da na yi tambaya, da na san cewa riyal a ɗaure yake da dala tun 1986, riyal 3.75 kan dala ɗaya. Dirhamin Dubai ma da dala yake ɗaure, 3.6725 kan dala ɗaya. Wanda katinsa ba shi da riyal ko dirham, dala ce ta dace da shi, don zai iya lissafi da ka ya gane ko an cuce shi. Mai zuwa Yamai ko Kwatano kuwa ya sani cewa sefa da yuro take ɗaure, 655.957 kan yuro ɗaya.

Asara ta biyu a wani kantin dabino a Madina na fara ta. Na miƙa kati, yaron kantin ya juyo min da na'urar, sai ga tambaya: a cire da dala ko da riyal? Na ga dala na fi sani, na danna. Haka na dinga yi kusan mako guda. Ashe idan ka zaɓi dala, ba katinka ne zai yi canjin ba, kamfanin na'urar ne, da farashin da ya ga dama, kuma kusan kullum ya fi tsada. Ni kuma dalata ta riga ta ƙare ban sani ba, katin yana ta ɗiba daga fam yana cikewa. Wato canji kan canji kan canji. Wani dattijo ɗan Zinder da muke masauki ɗaya ne ya ga rasit a hannuna, ya ce, "Ɗana, duk inda na'ura ta tambaye ka, zaɓi kuɗin garin da kake tsaye." Ko a POS ne ko a ATM, wannan maganar ba ta canzawa.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne na masauki. Da muka isa, mai karɓar baƙi ya nemi kati don ajiyar tsaro. Na ba shi wannan. Aka riƙe wani kaso mai tsoka, ba a cire ba, amma ba ni da ikon taɓawa. Mun bar otal ɗin, kuɗin bai dawo ba sai bayan kwanaki. A tsakanin nan Hajiya mahaifiyata ta kamu da mura mai zafi, na tsaya a kantin magani katin ya ƙi. Na buɗe manhajar katin a waya don in ƙara kuɗi, sai ta ce ta tura lambar tabbatarwa zuwa layina. Layin kuwa na baro shi Kano a aljihun wata riga, tunda na ce zan sayi na can. Sai da na ranci riyal a hannun abokin tafiya. Tsayuwar nan a gaban mai magani, tsohuwa na jira a ɗaki, ba na fata wa ɗayanku.

Saboda haka kafin ku karɓi kati, ku zauna da takardar cajinsa, duk ƙanƙantar rubutun. Nawa ake cira wajen zuba kuɗi? Nawa ne cira ɗaya a ATM, ban da abin da bankin can zai ɗora? Akwai iyakar abin da za a cira a rana? Idan wani kuɗi ya ƙare, katin zai tsaya ne ko zai ɗiba daga wani ba tare da ya sanar da ku ba? Ku kwatanta farashin canjinsu da wanda 'yan canji ke bayarwa ranar, domin wanda ya ce ba ya caji sau da yawa a cikin farashin ya ɓoye ribarsa. Ku tabbata Visa ne ko Mastercard. Mai zuwa Guangzhou kuma ya sani cewa a kasuwannin can da Alipay da WeChat Pay ake biya, don haka ya gwada haɗa katin da su tun yana gida.

Ku tafi da layinku a buɗe, da kati na biyu a wata jaka daban, da 'yan tsabar kuɗi na mota da abinci. Ajiyar otal ku nemi a karɓa da tsaba idan sun yarda.

Ku kuma tambayi yadda ake fitar da ragowar kuɗi bayan an dawo. Fam ɗin da ya rage min ya yi watanni a katin ana zaftare masa cajin ajiya, kuma ranar da na mayar da shi naira sai da aka sake cire ladan canji.