Godiya ga duk wanda ya tsaya wa Inna a kan ciwon dunduniyarta

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, yau kwana goma sha biyu ke nan Inna tana saukowa daga gado da asuba ta taka har bakin randa ba ta dafa bango ba. Wata tara aka yi tana fama da ciwon dunduniya, musamman takun farko da safe. Ta gaji, mu ma mun gaji. Ita ta ce lallai a rubuta wannan godiya kafin jiki ya yi sanyi, kuma a haɗa da amsar masu ta tambayar me aka yi mata, tunda ashe gidaje da yawa suna da mai irin wannan ɗingishin na safe.

Bayan Allah, godiya ta farko ta likitar sashen gashin ƙashi ce, wadda ta ce kada a kama sunanta. Ita ta zaunar da mu ta yi mana bayanin ciwon, wanda su suke kira filanta fashiyaitis. A ƙarƙashin tafin ƙafa akwai wata jijiya mai faɗi da kauri, ta taso daga ƙashin dunduniya ta bazu zuwa gindin yatsu. Ita ke riƙe da lanƙwasar tafin ƙafa yadda tsirkiya ke riƙe da baka. Idan nauyi da doguwar tsayuwa suka yi mata yawa, sai ta fara lalacewa daidai inda ta manne da ƙashi, ta wajen gefen ciki na dunduniya. Da dare ƙafa tana saki ta kalli ƙasa, jijiyar ta tsuke. Takun farko da asuba sai ya fizge ta, shi ne mutum yake jin kamar ya taka ƙusa. In an ɗan zagaya sai ya lafa, in an zauna an tashi ya dawo. Ya fi kama masu shekara 40 zuwa 60, da masu jiki, da masu wuni a tsaye a kan siminti ko tayil. Likitar ce kuma ta raba mu da fargabar wani ɗan ƙashi mai tsini da hoton asibiti ya nuna a dunduniyar Inna. Mutane da yawa suna da shi ba su taɓa jin komai ba, kuma ciwon yana warkewa yana nan a wurinsa. Likita, Allah Ya saka miki da alheri, Ya raya miki zuri'a.

Sai kishiyar Inna, jikarta ta wajen Yaya Babba, yarinya 'yar shekara goma sha uku da ba ta taɓa fashin tashi ba. Aikinta shi ne kada kakarta ta sa ƙafa a ƙasa sai an miƙar da jijiyar. Ana zama a bakin gado, a ɗora ƙafar mai ciwo a kan ɗaya gwiwar, a kama yatsun duka a ja su baya wajen ƙwauri, har sai in an shafa tafin da ɗaya hannun an ji jijiyar ta miƙe ta yi tauri. A ƙirga goma a saki, a yi haka sau goma. Sau uku a rana, amma na asuba shi ne uwa uba, sai kuma duk lokacin da aka daɗe a zaune. Bayan shi sai na bango, don sha-raɓa da agara, saboda in suka ɗaure su ke ƙara jan dunduniya. A dafa bango da hannu biyu, ƙafa mai ciwo a baya, gwiwarta a miƙe, a tura jiki gaba na daƙiƙa talatin, sau uku, sannan a sake da gwiwar a ɗan lanƙwashe. Inda ake ɓata shi shi ne a ɗaga dunduniya daga ƙasa, ko yatsu su karkace waje, ko a riƙa girgiza jiki. Ja ake son a ji. In zafi mai suka ya zo, an wuce gona da iri.

Maƙwabciyarmu Maman 'yan biyu, ba mu san da wane baki za mu gode miki ba. Wata shida firizarki tana daskarar mana da robar ruwa, ko ranar da babu wuta sai kin san yadda kika yi. Ga masu tambaya: robar ruwan sha ƙarama ce, ba a cika ta taf saboda ƙanƙara tana kumbura. Da yamma, bayan an gama zirga-zirga, a zauna a kujera a sa safa, a riƙa mirgina ta daga dunduniya zuwa gindin yatsu minti goma zuwa sha biyar. Kada a wuce ashirin, kada kuma ƙanƙara ta taɓa fata kai tsaye. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta fara dusashewa da ji, ya bar ƙanƙara ya bar ruwan zafi, don zai iya ƙonewa bai sani ba.

Akwai mutum ɗaya da al'ada ba ta ce a sa shi a irin wannan rubutu ba, amma Inna ta ce in ba a sa shi ba a fasa. Baba mai gyaran takalmi na bakin masallacin unguwa. Ranar da aka kai masa takalmanta, ya juya silifas ɗinta ya daɗe yana kallo, ya nuna mana inda dunduniya ta cinye robar har ta zama kamar takarda, gefe ɗaya ya fi ɗaya lotsawa. Dattijo mai furfura ya sauko daga bencinsa ya durƙusa a ƙasa, ya shimfiɗa kwali, ya ce Hajiya taka nan, ya zana ƙafarta da biro. Da wannan zanen ya yanka soso mai tauri, ya yi masa ɗan tudu daidai lanƙwasar tafin, ya fafe wurin da ciwon yake kaɗan don kada ya danne shi. Da aka miƙa masa kuɗi ya mayar da hannunsa baya, ya ce mahaifiyarsa ta yi shekaru tana wannan ɗingishin bai san abin da zai yi mata ba har ta koma ga Allah. Inna ba ta yi hawaye a asibiti ba, a gaban bencin nan ta yi. Baba, Allah Ya jiƙan mahaifiyarka, Ya haskaka makwancinta, Ya sa wannan durƙuson ya zame maka nauyi a mizani.

Maganar takalmi ita ce rabin maganin, don haka bari a tsaya a kanta. Silifas ɗin roba na banɗaki ba takalmin wuni ba ne. Ba ya tallafe tafin ƙafa, ba ya tare zafin siminti, kuma yatsu suna ta damƙe shi don kada ya fita, jijiyar ba ta samun hutu. Takalmin da ya dace ana gwada shi da hannu tun a kasuwa. A lanƙwasa shi, ya kamata ya karye a wajen yatsu kaɗai, in ya naɗe a tsakiya a ajiye shi. A murɗa shi kamar ana matse wanki, in ya murɗu da sauƙi ba shi da ƙashi. A matsa bayansa inda yake rungume dunduniya, a ji shi da tauri. Bayan ya ɗan fi gaba tudu, kamar santimita ɗaya zuwa biyu, don wanda ya kwanta shamal yana jan agara, mai tsini kuma yana ƙara ɗaure ta. A saya da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a bar fili kamar faɗin babban yatsan hannu a gaban yatsu. Wanda zai shiga Ƙofar Wambai neman kambas na gwanjo, samansa ba shi ne abin dubawa ba. Ya ajiye shi a kan tebur ya kalle shi ta baya, in ya karkace gefe to ƙafar mai shi na farko ta riga ta cinye shi. Robar nan mai laushi da ake sa wa a ƙarƙashin dunduniya, ta kemis, a sa ta a takalma biyun ko da ƙafa ɗaya ke ciwo, in ba haka ba tafiya ta karkace, ƙugu da baya su ɗauka.

Abin da ya fi ba mu wuya shi ne cikin ɗaki, tunda mu ba ma shiga da takalmi. Dole aka ware sandal ɗaya mai kauri da maɗauri a baya, wanda ba ya fita tsakar gida, yana kwana a gindin gado. Duk miƙa ƙafar da za a yi, in mutum ya tashi ya taka tayil ba takalmi, ya koma baya. A madafa kuma aka sa kujera 'yar tsugunno mai ɗan tsawo da tabarmar roba mai kauri a gaban murhu.

Da zafin ya ragu aka shiga ƙarfafa ƙafar. A tsaya a bakin matakala, tawul a naɗe a ƙarƙashin yatsu, a dafa bango, a ɗaga dunduniya a hankali ana ƙirga uku, a tsaya biyu, a sauko uku. Sau goma sha biyu, zagaye uku, yau a yi gobe a huta. Da ƙafa biyu ake farawa.

Ga waɗanda suka kawo magunguna da kyakkyawar niyya, mun gode, amma kada wani ya ɗauka duka aka sha. Ibuprofen da diclofenac suna rage zafi na 'yan kwanaki, bayan an ci abinci, kuma ba a haɗa su biyun. Mai gyambon ciki, ko ciwon ƙoda, ko hawan jini, kada ya taɓa su sai likita ya ce. Man zafi yana ɗumama fata ne kawai, bai hana a shafa ba, bai kuma kai inda ciwon yake ba. Allurar da ake yi a dunduniya tana kawo sauƙi na makonni, amma in aka maimaita ta tana iya sirantar da kitsen da ke kare ƙashin, har ta sa jijiyar ta tsinke. Sakiya da tsaga kuwa, a yi haƙuri, buɗe rauni ne a daidai wurin da duk nauyin jiki yake sauka. Mafi yawan masu wannan ciwo suna warkewa cikin wata shida zuwa shekara ba tare da tiyata ba, sai dai haƙurin ne ke ƙare wa mutane a mako na uku. Amma in ƙafa ta kumbura, ta yi ja ko ɗumi, ko akwai gyambo, ko ana jin mutuwar ƙafa da tsira-tsira, ko ciwon yana hana barci ana kwance, ko ya faro ne bayan faɗuwa, wannan ba na gida ba ne, asibiti za a tafi ranar.

Kawu da ya riƙa kai ta asibiti a motarsa bai taɓa karɓar na mai ba, Gwaggo da ta karɓi girkin Inna har na wata biyu, matan Islamiyyarsu da suka riƙa zuwa duk Alhamis suna yi mata bitar karatun da ya wuce ta, Allah Ya biya ku da gidan Aljanna. Allah Ya tsare muku ƙafafunku da na iyayenku, Ya sa su ɗauke ku zuwa ɗakinSa, ku yi ɗawafi da Safa da Marwa da ƙarfinku. Allah Ya ba duk wanda yake kwance lafiya, na gida da na asibiti, Ya sa kaffara ce. Waɗanda kuma suke gari ɗaya da mu, wata tara ba su leƙo ba sai saƙon ai ciwon ƙafa ne kawai, Inna ta ce a gaishe ku, gidan yana nan inda kuka san shi.

Takalmin dare da Yaya Babba ya aiko da shi, wanda ake ɗaurawa ya riƙe ƙafa a tsaye har safe don kada jijiyar ta tsuke, yanzu ba ta amfani da shi. An wanke shi an ajiye. Na ƙafa lamba 38 zuwa 41 ne, duk wanda likita ya rubuta masa kuma bai samu hali ba ya aiko a ba shi.