Yadda na koma naɗe kyauta da tsohuwar takarda a Jamus

Wallahi abin da ya fi ɗaure min kai da muka sauka a Hamburg ba sanyi ba ne, shara ce. A tsakar gidan da muke haya kwandunan shara kala huɗu ne a jere, bulu na takarda da kwali, mai ruwan ɗorawa na robobi da gwangwanaye, kore na ɓawon kayan miya da ragowar abinci, baƙi kuma na sauran tarkace, kuma mutanen nan ba sa wasa da wannan tsarin ko kaɗan, tun 1991 suka kafa dokar da ta ɗora wa kamfanoni alhakin kwashe ledoji da kwalayen da suke zuba kayansu a ciki.

To da yarana suka fara makaranta sai katin gayyata ya fara shigowa, yau wannan na bikin ranar haihuwa gobe wancan, kuma dole ka je da kyauta a naɗe, yaro zai buɗe a gaban abokansa. Ni kuma abin yana min ciwo, a sayo takarda mai kyau a naɗe, cikin minti ɗaya an yayyaga ta. Wata dattijuwa da ke hawa na ƙasa, yarana Oma suke ce mata, wato kaka da Jamusanci, ita ta fara nuna min cewa mai ƙyallin nan ma ba ta shiga kwandon bulu saboda akwai leda a jikinta. Ta ce in dunƙule ta a hannu in saki, in ta tsaya a dunƙule takarda ce, in ta warware da kanta to baƙin kwando za ta. Ta janyo wata durowa, ashe shekara da shekaru tana ajiye takardu a linke.

Daga nan na fara tarawa nima. Wadda na fi so ita ce takardar nan mai ruwan ƙasa da ake cusawa cikin kwali in ka yi odar kaya ta intanet, tana zuwa a cukuikuye amma in ka rage wa dutsen guga zafi ka bi ta a hankali sai ta miƙe sumul. Sai mu raba dankali biyu, in sassaƙa tauraro da wuƙa a jikin rabin, yara su dangwala a fentin ruwa su dinga bugawa a kan takardar. Autana hannunsa nauyi gare shi, taurarinsa duk sai sun baje, amma bayan ta bushe wallahi nasa ya fi kyau a idona. Tsohuwar kalanda ma tana yi, da zanen da suke dawowa da shi daga makaranta wanda da ban san inda zan kai shi ba. Jarida kam a yi hattara, tawadarta tana fita, kar a naɗe farin kaya da ita sai an fara sa wani abu a ciki.

Salatif na rage amfani da shi, zare nake ɗaurewa da shi, saboda mai kyautar ya kwance ba tare da ya yaga ba, ya sake amfani da takardar in ya ga dama.

Ranar farko da muka kai irin wannan kyautar biki gabana na faɗuwa, kar a ce baƙi ne ba su da kuɗin takarda. Uwar yaron ta juya kyautar tana kallo, ta tambayi 'yata ke kika yi wannan, ta ce eh ni da Mamana, matar ta cire zaren a hankali ta ajiye takardar gefe. A bakin ƙofar nan na yi hira mafi tsawo da Jamusancina mai gargada, ta karɓi lambata, yanzu in Disamba ta gabato gidana take kawo nata yaran da dankalinsu mu buga tare.